Mai Hular Nan Ba Majinyaci Ba Ne

Zuwa ga Kwamandan Rundunar Ko-ta-kwana ta Jirage Masu Saukar Ungulu, Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, ni ne Idrisu Bawa, tela a unguwar Nuzla, haifaffen garin nan, tsohon tafintan rundunarka.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai jikata Hafsa baje kolin tarihin rundunar. An jera komai tsaf: sashen matuƙa, na makanikai, na masu jinya. Sai ga hotona a bakin jirgi da hulata ta zanna, an rubuta a ƙasa wai wani alhaji ne daga Afirka da aka ceto. Hafsa ta dube ni, ta tambaya ko duk labaran da nake ba ta ƙarya ne. Wallahi raina ya ɓaci.

Na ɗaya, ba a taɓa ceto ni ba. Ni nake shiga jirgin.

Na biyu, sassan rundunar huɗu ne, ba uku ba. Duk aikin Hajji ana kiran mu tafintoci, mu rufe shagunanmu, kowane jirgi a ba shi ɗayanmu.

Na uku, ga abin da muka kawo. Bahaushe ko yana gargarar mutuwa, ka tambaye shi jiki, zai ce da sauƙi. Tun tashinmu na farko muka zauna da masu jinya, aka tsaida doka: tsoho ya ce da sauƙi, a sa shi a jirgi nan take. Iyayen mutane da yawa sun koma gida da ƙafafunsu saboda wannan.

Kuma ban bar zauren da kunya ba. Na tare wani matashin matuƙi ɗan Larabawa, na tambaye shi me suke cewa a rediyo idan majinyaci ya yi tsanani. Ya ce “dasauki”, yalla, wato a yi maza, haka ya tarar, bai san asalinta ba. Hafsa ta yi ta dariya har da tafi.

Roƙona biyu ne: a gyara rubutun hoton, a kuma sa sashen tafintoci a bango. In ma an ƙi, halas, shi ke nan, Hausarmu tana tashi sama kullum a bakin yaranka.

Allah ya ƙara maka girma, ya saukar da jiragenka lafiya. In ka tambayi jikina, da sauƙi. Ka san dokar.

Wassalam,
Idrisu Bawa, Nuzla.