Alhaji, A Zo A Auna Iskar Gidan Nan Kafin 'Yata Ta Yi Arba'in

Zuwa ga Alhaji, mai gidan da muke haya a Fagge,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan kasuwa tana albarka. Allah Ya ƙara rufin asiri.

Ranka ya daɗe, na sakaya sunanka ne don mutuncinka, kai ka san kanka. Ni ce Malama Hauwa, tsohuwar malamar firamare, matar marigayi Malam Sani, mai ɗaki biyun nan na ƙurya kusa da rijiya. A gidanka na haifi 'ya'yana duka, a gidanka aka yi wa mijina sutura. Ba halina ba ne in kai maganar cikin gida jarida. Amma na yi sintiri wurin wakilinka har ƙafata ta gaji, na je shagonka a Kantin Kwari yaranka suka ce ka yi tafiya, na aika ta bakin limamin layinmu, shiru kake ji. Wallahi na gaji, Alhaji. Shi ya sa na rubuto a fili.

Ga damuwata a taƙaice. 'Yata Rumasa'u ta haihu, haihuwar fari, kuma ba ta zo gida wankan jego ba. Ni da bakina na hana ta zuwa, saboda ban san irin iskar da muke shaƙa a gidan nan ba tun da aka yi gyara. Bari in zayyana maka yadda aka yi.

Na farko, aikin kansa. Bayan Ƙaramar Sallah ka turo ma'aikata su cire tsohon silin su sa na roba. Mun yi murna, mun yi maka addu'a, don tsohon ya daɗe yana yoyo, ya yi baƙi, ya lotso. Sai dai ba cire shi suka yi ba, farfasa shi suka yi. Da guduma suke bugunsa yana zubowa, inda ya ƙi su sa injin yanka. Farar ƙura ta turnuƙe gidan, ta hau katifa, ta hau tukwane, har cikin randa. Ba wanda ya ce mu fita, ba wanda ya ce mu rufe hanci. Su kansu bayin Allah ko ƙyalle ba su ɗaura ba, suna gama aiki suka zauna a wurin suka ci shinkafa da wake.

Na biyu, cikon. Ka san tsakar gidan nan kwari ne, duk damina sai mun jera bulo muna tsallake. Da aka gama aiki, shugaban ma'aikatan ya ce maimakon a kira tifa ta kwashe ɓaraguzan, ya bar mana mu yi ciko. Shi alheri ya nufa, mu ma alheri muka ɗauka. A unguwarmu wa yake ƙin ciko? Har maƙwabta suka zo da baro suna roƙo. Matan gida muka haɗu, wata da taɓarya wata da madaɓi, muka daddaka silin nan muka daɓe tsakar gida da shi, ana raha ana tsokanar juna. Masu faɗin kuma aka ɗora murhu a kansu, tunda wuta ba ta cin su. Daga ranar, kullum safiya idan aka sa tsintsiya, sai ka ga wani farin gari yana tashi, mu kuwa muna ta yabon yadda gida ya yi kyau.

Na uku, yadda na san akwai matsala. Ina da ƙawa a Sabon Gari, Madam Ngozi, tsohuwar nas ce, tun 'ya'yanmu suna ƙanana muke tare. Da cikin Rumasa'u ya tsufa, ta zo ta kawo kayan jariri, ta kuma ga ɗakin da na gyara wa mai jego. Tana fitowa daga soro ta tsaya cak. Ta sunkuya ta ɗauki wani guntu ta jujjuya shi, sai na ga ta ja bakin zaninta ta rufe hanci. Ta tambaye ni wane mara imani ne ya yi mana wannan aiki. Na ce ai mu muka yi da hannunmu. Sai ta zauna a bakin rijiya ta dafe kai.

Abin da ta faɗa mini, kuma na bincika na ji haka ne, shi ne yawancin silin irin na da ana haɗa shi da wani abu wai shi asbestos. Idan yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, da sauƙi. Idan aka fasa shi, yana sakin wasu 'yan zarurruka da ido ba ya gani, hanci ba ya jin warinsu. Mutum ya shaƙa su maƙale a huhu, ba tari ba zazzaɓi, sai bayan shekaru masu yawa ciwo ya bayyana. Ta ce shara da busasshiyar tsintsiya ita ce mafi muni. Ta ce ita dai da jikarta ce, ba za ta kwantar da ita a gidan nan ba sai an auna.

Alhaji, ka lura da kyau: ban ce lallai akwai shi ba. Ita ma ba ta rantse ba, ta ce ido ba ya rabewa. Abin da na fahimta shi ne akwai masu wannan aiki. Suna ɗaukar guntun silin su gwada, suna kuma kafa wata na'ura a ɗaki ta yi ta zuƙar iska, sannan su kai abin da ta tace ɗakin gwaji su duba. Daga nan ne ake sanin ko gida ya zaunu. Wannan ya fi ƙarfin fanshona, kuma ko da ina da hali, gidan ba nawa ba ne da zan sa a tone tsakar gida.

Na huɗu, wakilinka. Zuwan farko ya yi dariya, ya ce shi ma a ƙarƙashin irin silin nan ya girma, ga shi nan garau. Zuwa na biyu ya ce boko ne ya yi mini yawa. Da na matsa, sai ya ce an ji, za a turo mutum. Ka san wa ya turo? Mai feshin sauro! Bawan Allah ya feshe mana ɗakuna da maganin ƙwari, muka wuni a waje muna atishawa, ya tafi. Da na koma na ce ba wannan nake nufi ba, sai ya sauya fuska, ya ce idan gidan bai yi mini ba, akwai masu neman ɗakin. Haba! A shekaruna, bayan duk zaman da muka yi, wannan ce amsar da ta dace da ni?

Na biyar, abin da wannan ya jawo mini. Rumasa'u tana Kwaciri, uwar mijinta ce ke yi mata wanka. Matar kirki ce, ba ta rage ta da komai ba, amma na ga kallon da danginsu suka yi mini ranar suna. Ana ta raɗe-raɗin wai na ƙi 'yata, wasu su ce ƙyashin itacen dafa ruwa nake yi. Idan na ce iska ce, sai a dubi sama a dube ni. Matan gidanmu ma sun fara gajiya da ni, don na hana shara sai an yayyafa ruwa, na hana yara wasa a ƙasa, sun sa mini suna Inna Duba-gari. Ba na jin haushinsu. Abin da ba a gani wuyar bayani gare shi.

Kullum da safe nake hawa adaidaita in je. In yi sallama a ƙofa kamar baƙuwa, a shimfiɗa mini tabarma, a miƙo mini jikata in riƙe na ɗan lokaci, a karɓe. Kunun kanwar da ya kamata in dama mata, wata ke damawa. Rannan da zan fito, Rumasa'u ta riƙe mini hannu tana hawaye, ta ce in gaya mata gaskiya ko wani laifi ta yi mini. Ta ce da Babanta yana raye da ba a bar ta a nan ba. Na yi mata sallama na fito. A cikin adaidaita na yi kukana har Fagge.

Don haka ga roƙona, don Allah don Annabi.

Ka sa a kawo masu aikin nan na gaskiya su gwada silin, su auna iskar ɗakunan da ta tsakar gida, kuma a karanta mana sakamakon a gabanmu, mu 'yan haya duka.

Idan an samu asbestos ɗin, a kwashe cikon ta hanyar da masana suka ce, a jiƙe, ba a sake turo masu guduma ba. A gaya wa maƙwabtan da suka ɗiba. A nemo ma'aikatan nan ma a sanar da su, su ma 'ya'yan wasu ne, kuma gobe wani gidan za su shiga.

A yi wannan kafin ruwa ya ɗauke. Yanzu damina ce take danne mana ƙasar, idan ta bushe ban san yadda za mu yi ba.

Idan kuma aka auna aka ce lafiya ƙalau, wallahi zan fi kowa murna, zan zo har shago in ba ka haƙuri, a yi ta yi mini dariya na yarda. Amma ka hanzarta, ranka ya daɗe. Kwanakin arba'in sun fi rabi. Ba na neman kwanakin gaba ɗaya yanzu, wannan ya wuce. Ina so ne ko 'yan kwanakin ƙarshe ta yi su a ɗakina, in dafa mata ruwa da hannuna, ta san uwarta ba ta ƙi ta ba. Haihuwar fari sau ɗaya ake yin ta.

Allah Ya ba ka ikon dubawa, Ya tsare ka da zuri'arka daga cutar da ake gani da wadda ba a gani, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Taka 'yar haya,
Malama Hauwa