Abin da Takwararki Ke Ɓoyewa Cikin Hijabi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ƙafar nan kuma ta daina yi miki tsiya. Surukinki yana gaishe ki da ladabi. Takwararki ma tana gaisuwa da hannuwanta biyu, tunda su ne bakinta.

Inna, ba zan yi kwana-kwana ba. Tun ranar da likita ya tabbatar yarinyar nan kurma ce ƙafarki ta ɗauke daga gidanmu. Na san ba ƙi ba ne. Kin ce in kin dube ta zuciyarki karyewa take yi, don ba za ta taɓa buɗe baki ta kira sunan Allah ba. Ni ma abin ya daɗe yana cina. To, zauna ki sha labari.

Kwanakin baya na lura in mun idar da salla ba ta tashi. Sai ta lafe a kan sallaya, hannuwanta cikin hijabi suna ta mutsu-mutsu. Nan take na yanke hukunci cewa ƙaiƙayi ne, kin san ni da gaggawa. Na sa surukinki ya kinkimo katifu duka ya baza a rana, maƙwabta na leƙe, wai muna farautar kuɗin cizo. Na wanke zannuwan gado har hannuna ya saɓule. Mai kemis ya duba ta sama da ƙasa bai ga ko ƙurji ɗaya ba, amma na nace sai da ya ba ni man shafawa. Baiwar Allah ta yini tana ƙyalli tana warin magani, tana harara ta.

Shekaranjiya bayan la'asar haƙurina ya ƙare, na ɗaga gefen hijabin. Inna, ashe ba susa take yi ba. Magana take yi.

Ta fizge hijabinta, ta nuna mini cewa ba da ni ake yi ba. Da ƙyar na lallashe ta ta yi mini bayani. A makarantarsu ta kurame, in mutum zai yi sirri sai ya ɓoye hannuwansa, wannan shi ne raɗarsu. Na tambaye ta to wa zai gani a cikin hijabi? Ta dube ni kamar ni ce ƙaramar. Ta ce ni in za ta yi mini magana sai ta taɓa kafaɗata, babanta kuwa sai ta buga ƙafa a ƙasa kafin ya ɗago daga wayarsa. Amma Allah ba a jawo hankalinSa, kullum Yana ganinta, kuma hijabi ba ya tare Shi. Ta ce Shi kaɗai ne bai taɓa cewa ta maimaita ba.

Na yi kuka, na yi dariya, na rasa wanda zan tsaya a kai. Muna nan muna jin tausayinta wai ta yi nisa da Ubangijinta, ashe ta riga mu sanin kusancinSa.

Sauran magana ɗaya. Kafin ta rufe hijabin idona ya kama kalma guda: yatsa a kan karan hanci yana tura tabarau sama. Sunan da ta raɗa miki ke nan. Ke take roƙo a wajen Allah, Inna. Tana so ki zo, ki koyi yi mata magana.

Na isar da saƙon da ba a aike ni ba. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

'Yarki,
Auta

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ya gajiyar hanya? Ina fatan kin iske gida lafiya. Gidanmu dai ya yi mana faɗi tun tafiyarki.

Ɗalibar takwararki, ya karatu? Malamarki ta ce in gaya miki kina da ƙoƙari, sai dai yatsunki sun cika taurin kai. Har yau in ta tuna yadda kika jefar da jaka a bakin ƙofa kika durƙusa, ita kuma ta tura miki tabarau sama da ɗan yatsanta, sai ta hau tsalle. Ta sanar da duk ajinsu cewa ta roƙa an ba ta, ko hannu ba ta fitar waje ba.

Yanzu bari in tona ki. Ana gobe za ki tafi, ina kicin bayan la'asar, na hango ku ta ƙofa a kan sallaya ɗaya. Hijabai biyu, babba da ƙarami, duka suna mutsu-mutsu. Da na shigo kika goge ido da sauri, kika ce wai ƙaiƙayi ne ya dame ki.

Ban tambaye ki abin da kika faɗa ba, kuma ba zan tambaya ba. Wanda kika gaya wa Ya gani. Amma tunda kin ce ƙaiƙayi ne, duba aljihun jakarki na gefe, na sa miki ragowar man shafawar.

Ki dawo da wuri, Inna. Na ga an sake tura tabarau a cikin hijabi.

'Yarki mai ƙaunarki,
Auta