Cire Sunan Inna Daga Shafina

Ƙanena Sanusi,

Gaisuwa mai yawa daga Matameye. Yaya Legas, yaya jikin Balki da 'yar jaririya? Mu nan lafiya lau, ban da raina da ka ɓata.

Na roƙe ka ka buɗe mini shafi a intanet, inda zan riƙa rubuta girke-girken da Inna ta koya mana. Na kwana uku ina tunani kafin na zaɓi "Madafin Inna". Kai kuma ka ce wai Inna ta yi yawa a duniya, ka saka sunanta na yanka, ba ka ko tambaye ni ba.

Ranar kasuwa wani mai sayar da kati ya tare Baba, yana nuna masa waya, yana karanta sunan da ƙarfi a gaban jama'a. Baba da ya shekara talatin yana ce mata "ke" kawai. Ya dawo gida bai taɓa tuwo ba. Inna kuwa cewa ta yi, "Ashe tun ina raye za a fara tallata ni?"

Legas ce ta cinye maka kunya? Lambar sirrin tana hannunka, ka gyara kafin Juma'a, ka kira Inna ka ba ta haƙuri.

Ka gaida Balki, ku sa mu a addu'a. Ka kuma duba wasiƙar nan da kyau: duk fushina, ban rubuta sunan ba.

Yayarka,
Hadiza