Wutsiyar Kalma

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Hajara ta Toranke,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Inna, na zo da labari, na kuma zo da ban haƙuri.

Kin bar ni ina shirin karatun lauya, to ga ni a Kano ina yi. Bana na shiga ajin koyon Latin, harshen Rumawan dā, don kalmominsa sun cika littattafanmu. Gajerun labarai ake ba mu mu mayar Turanci. Tun ranar farko malamin ya ce kujeru sun yi kaɗan, duk wanda ya faɗi gwaji zai bar ajin.

Aikin gida na farko na sha kunya. Jimlar ita ce: Nautam puella servat. Na duba ƙamus na ga matuƙin jirgin ruwa, yarinya, ceto. Na rubuta abina da gadara cewa matuƙin jirgi ya ceci yarinya. Shi ya zo a farko, kuma ai namiji ne. Takardar ta dawo jajawur. Ashe yarinyar ce ta cece shi. Wata 'yar "m" a ƙarshen sunansa ke nuna shi aka yi wa aikin.

Ina kallon wannan "m" sai na gan ki a tsakar gida kina ɓare gyaɗa, matan unguwa sun kewaye ki da littafin nahawun Larabci, a misalan cikinsa Zaidu na ta dukan Amru kamar kullum. Idan wata ta rikice ta sa Amru ya rama, sai ki ce, "Ke, bar kallon wanda ya riga zama. Dubi wutsiyar kalma, ita ke faɗa miki wanda ya yi."

Kin tuna ranar da na ture littafin? Ina aji uku a sakandare a Gaya, Turanci ya hau mini kai. Na ce miki rufu'a da fataha ba za su kai ni ko tashar Ajingi ba. Ba ki yi faɗa ba. Kika ci gaba da ɓare gyaɗarki, kika ce in na gama da Turancin, darasin yana nan. Ban dawo ba har kika tafi. Abin yana ci mini rai, Inna, ba zan ɓoye miki ba.

To, na dawo. Na jera kalmomin Latin yadda kike jera na Larabci: mai aiki, wanda aka yi wa, mai abu. 'Yan ajinmu da suka fi ni Turanci suna ta hadda suna ƙorafi, ni kuwa hanyar gida nake bi.

Ranar Litinin aka yi gwajin, labarin wani manomi da bijiminsa. Ban yarda da wanda ya riga zama ba, wutsiyoyin na bi ɗaya bayan ɗaya. Jiya sakamako ya fito. Ina nan a ajin, kuma ba a ƙasa nake ba.

Malamin ya tambaye ni inda na taɓa yin Latin. Na ce masa a Toranke, wurin wata malama da ba ta taɓa riƙe littafin boko ba. Ya rubuta sunan garin a takarda, wai zai bincika.

Ki yafe mini, Innata. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowace kalma da na gane ta zama lada a mizaninki.

'Yarki da ta ture littafi,
Rabi