Mintuna Shida na Doña Celsa

El Paso, 9 ga Maris

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya ciwon bayan? Ya Goggo Lupe da mutanen Delicias?

Baba, mun sauya yadda muke karɓar kuɗi a ofis. Da jinga muke yi: mutum ya zo neman takardun zama, mu yanka masa kuɗi sau ɗaya, ko aikin ya ci wata biyar ko shekara biyar. Sai Octavio, abokin aikina, ya zaunar da ni ya ce, "Itzel, ke lauya ce ko gidan rediyo? Kowa kaɗaici ya dame shi sai ya bugo miki." Ya tuna mini shari'ar da muka yi shekara uku muna bi a kan dala dubu biyu. Na yarda. Yanzu awa ɗaya dala ɗari uku ce, kuma ko gaisuwa aka bugo, minti shida ake rubutawa, dala talatin ke nan.

Wadda na fi jin nauyin gaya wa ita ce Doña Celsa, mai sayar da tamales, alalen masara, a ƙofar coci. Shekararta goma sha tara a nan Amurka ba takarda, sai yanzu muka shigar mata da nema ta hannun mijinta mai takarda, Don Fermín, wanda ciwon suga ya fara cinye masa ido. Ta karanta sabuwar yarjejeniyar, ta yi dariya ta ce, "To Lauya, daga yau da sauri zan riƙa magana kamar mai sharhin ƙwallo." Ta sa hannu.

'Yarka,
Itzel

El Paso, 21 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa. Na gode da zumar, ta iso lafiya. Ka yafe mini shirun da na yi, rashin sanin ta inda zan fara ne.

Doña Celsa tana Juárez, can tsallaken iyaka a Meziko, kuma ba za ta iya dawowa ba. Mahaifiyarta ta rasu a ƙarshen Mayu, ta tsallaka gada ta je jana'iza. Wanda ya daɗe haka ba takarda, in ya fita ba izini, nemansa ya mutu, kuma shekara goma ba ya shigowa. Na faɗa mata wannan a bara da ta fara zuwa ofis, sau ɗaya, cikin wasu maganganu ashirin. Wata maƙwabciyarta ce ta ce mata rasit ɗin neman ya isa ta dawo da shi.

Octavio ya ce laifinta ne, me ya hana ta tambaya? Amma ta bugo, Baba. Ranar da aka yi rasuwar ta bugo. Tun da takardar kuɗi ta farko ta je mata ta daina kira, har na ji daɗin hutun. Ran nan na ɗauka ina cikin rubutu, ta ce, "Lauya, 'yar tambaya ce da ni." Na ce, "Faɗi, Doña, amma kin san agogo ya fara tafiya." Da wasa na faɗa, ko dai haka nake gaya wa kaina. Ta ce, "A'a, bar shi, dama gaishe ki zan yi." Muryarta a dishe take, na ji, ban tambaya ba. Na ajiye wayar na rubuta minti shida.

Ban gaya wa kowa wannan ba sai kai.

Itzel

El Paso, 14 ga Yuli

Babana,

Da fatan kana lafiya, kuma an samu ruwa a gona. Wasiƙarka ta zo. Ka ce in je in gan ta ido da ido, na je ranar Asabar.

Tana zaune a ɗakin ƙanwarta, ta rame. Na shirya maganganu a hanya, amma ina shiga ta ja mini kujera ta ce, "Zauna, Lauya, kin yi baƙi, ba kya cin abinci ne?" Na ce na zo neman gafara. Ta ce, "Ni ce mai rowa. Dala talatin na tsaya ƙirgawa, kuɗin allurar Fermín na tuna." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce zan nema mata afuwar hukuma saboda ciwon mijinta, kyauta, amma zai ɗau shekaru kuma ba tabbas. Na kuma gaya wa Octavio cewa ni na koma jinga, waya kuma ba kuɗi. Ya ce ba za mu kai Disamba ba. Wataƙila gaskiyarsa ne. Ya fara neman wani ofis.

Da zan tafi ta ba ni kwanon miya ta ce in kai wa Fermín, in duba ko yana gane alluran da ke cikin firij. Da na dawo El Paso na same shi a tsakar gida ya sa riga a bai-bai. Ya laluba ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Da Celsa ta bugo miki kafin ta tafi, da duk wannan bai faru ba. Taurin kai gare ta."

Ashe ba ta gaya masa ba. Ta bar shi yana ganin laifinta don kada ya ga nawa. Ni kuma na zuba masa miyar, na wanke kwanon, na fito bakina a rufe.

Ranar Lahadi bayan coci zan koma in faɗa masa. Ka sa ni a addu'a kada in sake fitowa da maganar a cikina.

Ka gaida Goggo Lupe.

'Yarka,
Itzel Barraza