Azarar Ɗakinki, Inna

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifiyarsa, ina roƙon Allah Ya kai haske kabarinki.

Habu ne. Na tsufa, Inna, har na wuce shekarun da kika yi a duniya, amma ina nan cikin gidan da kika bar ni a Gyaɗi-Gyaɗi. Duk layin nan an rushe an sa bulo da kwano. Namu kaɗai ya rage na ƙasa.

To ga shi wasu sun sa masa ido. Wai masu adana gine-ginen tarihi ne. Suka shigo zaure da takalmansu, suna ɗaga kai suna kallon ɗaurin gugan rufin, suna ɗaukar hoton zankwaye. Ɗayansu har da ƙwanƙwasa azara da mukullin mota. Suka ce gidan ya shiga cikin waɗanda ba a rusawa, ba a canzawa. Ni da aka binne cibiyata a nan, yanzu sai na nemi izini kafin in kafa ƙusa.

Shekarar da ruwa ya ci katangar gabas, ina suke? Ni kaɗai na kwaɓa ƙasa na tayar da ita.

Jikarki Talatu nake zargi, wadda ke aure a Daurawa. Ta daɗe tana so in koma wajenta. Ta rantse ba ita ta kira su ba. Amma babbansu ya kira sunanta tun ban gaya masa ba, ita kuma ta shimfiɗa musu tabarma tun ban ce su zauna ba. Ban yi boko ba, amma ina da ido.

Sun ce in tashi na ɗan lokaci, sai an gama gyara in dawo. Haka 'ya'yan Malam Iro, maƙwabcinmu, suka ce masa. Yau inda ɗakinsa yake, a nan ake gyaran adaidaita sahu. Shi kuwa a ɗakin haya ya rasu a Babban Giji, yana ta tambayar ko an gama aikin.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wai za su kankare baƙin da ke jikin azarar ɗakinki, su shafa mata mai don ta yi sheƙi baƙi su gani. Wannan baƙin ai hayaƙinki ne. Lokacin sanyi kina hura wuta a kasko, mu muna kwance muna tari, kina cewa, "Ku yi haƙuri, hayaƙin nan ne ke hana gara cin itace."

Kin tuna yaɓen soro kafin damina? Baba yana sama, ni ina tattake ƙasa da ciyawa, ke kina jido ruwa kina faɗa wai na fi ƙasar jiƙewa. Kwanan nan na sa hannu tsakanin azara biyu, sai ga tsinken kitsonki a inda kike soke shi.

Amma ke ba zan ɓoye miki ba. Tunda kika tafi ba a sake hura wuta a ɗakin ba, kuma gara ta shiga. A ɗakin nake kwana yanzu. Azarar da ke saitin gadona ta fara lanƙwasa, kullum sai na kakkaɓe garin itace a kan matashi. Ban gaya wa masu adana ginin ba. Talatu ta gani, sai ta fita tsakar gida tana share ido da mayafi. Idan ma ita ta kira su, to tsoro ne ya sa ta, kada soro ya rufto mini. Na sani. Amma da sai ta tambaye ni.

Ga hadari ya fara haɗuwa. Na janyo gadona zuwa zaure. Na aika musu cewa su zo su canza waccan guda ɗaya, ina zaune ina kallo, sauran kuma kada wanda ya kankare. Ƙafata ba za ta ƙetare dokin ƙofar nan da sunan tashi ba, sai ranar da za a ɗauke ni a makara.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya jiƙan Baba, Ya ba ki ɗakin da ba ya yoyo. Ita ma Talatu Allah Ya yi mata albarka, ko da yake ban huce ba tukuna.

Ɗanki mai taurin kan nan,
Habu