Kashin da Malam Dung Ya Zaɓa Mini

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya sanyin can? Mu nan Daɗin Kowa lafiya lau, ƙafar Mama ma da sauƙi.

Kin tambayi labarin gasar piyano. To, tun a tantancewa na faɗi.

Kiɗan da aka ba mu kashi uku ne, kowa ya zaɓi ɗaya. Ni na tsakiya na ɗauka, mai tafiya a hankali, wanda marigayi Baba kan zauna a bencin baya na coci ya saurara in ina koyo. Wata huɗu ina kansa. Saura mako uku, Malam Dung, shugaban mawaƙanmu, ya ce, "Wannan ai na jana'iza ne. Alƙalai gudu suke so, ɗauki na ƙarshe."

Na tuna masa maɓallai biyu na sama a piyanon coci sun mutu, kuma kashin ƙarshe ba ya yiwuwa sai da su. Ya ce, "Ki danna kawai, ki ji su a ranki."

Na bi maganar babba. Ranar tantancewa, a kan lafiyayyen piyano, ina danna su suka yi ƙara, na firgita, hannuna ya rikice. Ban taɓa jin muryarsu ba, Yaya!

Yarinyar da aka ɗauka, na tsakiyar nan ta kaɗa. Malam har da tafa mata.

Ki gaida kowa. Ki sa ni a addu'a, don ran Lahadi ni zan yi masa kiɗa, ga shi har yau bakina ya ƙi gaishe shi.

Ƙanwarki,
Ladi